Gilashin Gefen Inna

Shekarun baya, lokacin da unguwarmu ta Kilomita Biyar ta koma kamar gidan da aka kulle ta waje saboda rikici, na taɓa sa wa motata gilashin ƙofa da hannuna. Wanda ya san ni zai fara dariya tun daga nan, domin ni mai sayar da atamfa ne a Titin Koudoukou, kuma ko ƙwan fitila ne ya mutu a shago sai na nemi wanda zai canza min. Jiya na ga wani ya sa hoton motarsa da leda a taga yana tambayar inda ake gyara, shi ne abin ya dawo min sabo, na ce bari in ba ku labari.

Zan fara da gaskiyar da na ɓoye wa maƙwabta. Ba harsashi ne ya fasa gilashin ba. Motar ta yi wata da watanni a ajiye a tsakar gida, ba inda ake zuwa da ita. Wata Juma'a da hantsi na ɗauko tsani zan duba kwanon ɗakin mahaifiyata da ke yoyo, sai aka saki harbi can wajen Kokoro, nesa da mu ƙwarai. Na juya a firgice da tsanin a kafaɗa, sai ji na yi tas! Gilashin ƙofar gaba, gefen kujerar da ake kira ta mai zaman banza, wadda a motata ta Inna ce, ya zube kamar tsakin gishiri. Maƙwabta suka shigo a guje suna tambaya, "Harsashi ne?" Na ce, "Allah dai Ya tsare." Ban yi ƙarya ba, ban kuma gyara musu fahimta ba.

Da a wani mako ne, da na lulluɓe motar na manta da ita. Amma ranar Talata mai zuwa aka ba Inna ta je aikin ido a wani asibiti can cikin gari. Yanar ido ta rufe mata idanu duka biyu, har ta kai ba ta bambanta mu sai da murya, tana lalube bango in za ta alwala. Wasu likitocin ido baƙi suka zo na mako ɗaya tak, aka samu aka sa sunanta. In Talatar nan ta wuce, ba wanda ya san ranar da za su dawo. A lokacin an ɗan samu lafawa, mutane na fita da rana su dawo kafin la'asar, amma fa da sharaɗi: motarka ta kasance kowa na ganin cikinta. Wanda ya toshe taga da leda ko kwali, samarin da ke tsare shingaye ba sa barinsa ya wuce. In kuma ka bar ta a buɗe, ga damina, ga idon da aka yi wa aiki da aka ce ko ɗigon ruwan hanya kada ya taɓa shi. Bayan mota kuwa Inna ba ta iya shigarsa saboda gwiwa.

Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna tana cikin matan da suka riƙe alkunya da ƙarfi. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana kusa da ni, "kai" ne. In tana ba wani labari, "wancan" ne, ko "mai shagon nan". Yabo kuwa ba a maganarsa. Ƙannena ana kiransu da suna, ana sa musu albarka a gaban mutane, ni kuwa in na kawo mata abu sai ta ce, "Ajiye can." Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne, amma ba zan ɓoye muku ba, har na yi furfura abin yana ɗan sosa min rai. Da aka gaya mata gilashi ya fashe, abin da ta ce kawai shi ne, "Wa ya ba wancan tsani?"

Ina da aboki makanike, Kirista ne, ya yi shekara goma sha biyar yana gyara min motar nan. Garejinsa yana bayan shagona kafin rikicin Musulmi da Kirista ya raba mu, ya kwashe iyalinsa ya koma wata unguwa. Shi ba ya iya shigowa wurinmu, ni ba na iya zuwa wurinsa da mota mai huda. Na kira shi a waya. Da Sango, yaren ƙasar, muke magana, yana kirana "ita", wato ɗan'uwa, ni ma haka nake kiransa. Ya saurari bayanina har ƙarshe, sai ya ce, "Ita, harsashi ba ya zubar da gilashi haka. Me ka buga masa?" Na ce tsani. Ya yi dariya har da tari.

Da ya gama dariyar ya ce yana da mota irin tawa sak, injinta ya mutu, tana bayan gidansa kaji na kwana a ciki. Zai ciro gilashinta. Matarsa tana cikin matan da ke shigo mana da ganyen rogo a kura kowace safiya, su ne kaɗai ake bari su ratsa ba tambaya mai yawa. "Za ta kawo maka ranar Litinin. Sawa kuma kai za ka sa, ni zan zama bakinka, kai ka zama hannuna."

Na ce, "Ita, hannun nan awon yadi kaɗai ya iya."

Ya ce, "Ya iya fasawa ma ai."

Litinin da safe na tare ta a bakin kasuwa. Ta ɗaga ƙullin ganye, ga gilashin a kwance cikin kwali, an naɗe shi da tsohon zane. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba, ta ce a gaida Mama, ta tura kurarta ta yi gaba. Na rungumo shi zuwa gida kamar jariri. Sai da na warware zanen na ga abin da ya tsayar da ni: a kusurwar sama akwai 'yar takarda manne, irin wadda ake rabawa a coci, da ƙaramin gicciye, da rubutun Sango a ƙasa, "Nzapa a bata e."

Nan fa tunani ya ɗebe ni. Me samarin unguwarmu masu tsaron shinge za su ce in sun ga gicciye a motata? Me za a ce in na ajiye ta a ƙofar Masallacin Koudoukou ranar Juma'a? Sai kuma wata zuciyar ta ce, ai a wancan ɓangaren na Kiristoci takardar nan za ta iya yi maka rana. Na ji kunyar wannan tunanin ma. Haka na fara aikin rabin hankalina yana kan takarda.

Na jingina wayar a kan bulo, na buɗe murya. Abokina ya ce in fara da hannun da ake murzawa a ɗaga gilashi. Ashe wani ɗan ƙarfe ne mai kama da ƙugiya yake riƙe da shi ta baya, sai an zura tsumma an ja shi. Na ja, ƙarfen ya yi tsalle ya ɓace cikin yashi, na shafe rabin awa a durƙushe ina nema. Daga nan na kwance kusoshin madafin hannu da sukundireba, na zura bakinta a gefen bangon ƙofar na ciki ina ɓamɓara a hankali kamar yadda ya ce. A hankalin nawa ya karya maƙallai uku. Na yaye ledar da ke ƙarƙashi, sai ga cikin ƙofa, rami mai duhu, ƙarafuna a giciye, ƙasansa cike da tsakin gilashi.

"Yanzu ka saurare ni da kyau," in ji shi. "Ka kwashe tsakin nan duka. Na ƙasa ba shi ne matsala ba, na cikin robar gefe da gefe, inda gilashin ke bi, shi ne mugun. Ka sa tsinke ka bi layin daga sama har ƙasa. In ka gama sawa, ka ɗaga ka sauke sau goma kafin ka rufe. Ka ji? Sau goma. Ka san abin da ake zato yanzu in gilashi ya ƙi sauka."

Na sani. Kowa ya sani. An sha ɓoye makamai a cikin ƙofar mota, don haka duk tagar da ta ƙi sauka a shinge, cewa ake an cusa wani abu a ramin da ya tare ta.

Na kwashe na ƙasa da cokalin miya. Na murza ƙarfen ɗagawa ya tsaya a tsakiya, na karkato gilashin na zura shi ta sama, hanci ya fara shiga, kamar yadda ake shigar da katifa ta ƙaramar ƙofa. Sau huɗu yana ƙi. A na biyar na ji ya zauna cikin robar, ramukansa biyu suka yi daidai da na ƙarfen. Na ɗaure notocin biyu, na murza sama, gilashi ya tafi sumul ya rufe ruf. Wallahi ban san lokacin da na yi kabbara ba. A daidai nan cajin wayata ya ƙare, ga shi ba wuta.

Maimakon in ɗauki tsinke in bi robar, reza na ɗauko na nufi takardar. Na fara kankarar kusurwa ɗaya ke nan na ji takun Inna, tana lalubo jikin motar. Ta shafa gilashin da tafin hannunta tun daga ƙasa, har yatsunta suka ci karo da takardar.

"Kai, mene ne wannan?"

Na gaya mata. Ta ce me aka rubuta. Na ce, "Cewa aka yi, Allah Ya tsare mu."

"To ina laifin maganar?"

"Inna, akwai gicciye a jiki."

"Na mai shi ne. Mutum ya ciro maka abu daga motarsa, matarsa ta ratso bindigogi ta kawo maka, kai kuma abin da ka fara yi shi ne ka ɗauko masa reza? Ajiye."

Na ajiye. Amma zancen ya cika min kai, ga hadari ya haɗo, sai na yi sauri na mayar da leda, na buga bangon ƙofar da tafin hannu, kusurwa ɗaya ta ƙi zama saboda maƙallan da na karya. Na mayar da hannun murzawa na wanke hannuna ina jin kaina wani babban makanike. Sau goman da aka ce min, ko sau ɗaya ban sauke ba.

Talata muka fita da sassafe ana yayyafi, Inna cikin farin hijabinta, carbi a hannu. A shingen unguwarmu samarin suka gane motar, suka leƙo ta gefena suka gaida Inna, suka ɗaga mana katako. Takardar da ta hana ni sukuni, ko kallonta ba wanda ya yi. Muka shiga wannan filin da ba na kowa ba, gidaje ba rufi, ciyawa ta fito ta tagogi. Da na hango shingen wancan ɓangaren na rage gudu, na sauke gilashina, na miƙa hannu na sauke na baya. Na ce Inna ta murza nata. Ta ce ya yi tauri. Na kwanto na murza da kaina. Ya sauko kamar faɗin yatsa biyu, ya ce ƙiris, ya tsaya cak.

Na murza gaba, na murza baya, ko motsi. Kafin in yi wata dabara mun iso.

Su biyar ne ko shida. Wanda ya nufo gefen Inna dogo ne, layu sun cika masa ƙirji, da adda a hannu. Ya ƙwanƙwasa gilashin da ƙotar addar ya ce da Sango, "Sauke." Na ce ya maƙale. Ya sunkuya ya dubi ƙofar ta tagar baya, idonsa ya sauka kan kusurwar nan da ta ƙi zama, ga sawun sukundireba sabo fil a jikin fenti. Ya ɗago ya kira sauran. "An buɗe ƙofar nan kwanan nan," in ji shi. "Me kuka sa a ciki?"

Na fara bayani, tsani, aboki, waya, amma bakina sai haɗa Sango da Faransanci da Hausa yake, ni kaina ban gane abin da nake faɗa ba. Ya ce tunda na ƙi saukewa shi zai sauke min. Ya ja da baya taku ɗaya, ya juya addar ya ɗaga ƙotar. Fuskar Inna ba ta fi taƙi ɗaya daga gilashin ba. Abin da na gani a raina kawai shi ne tsakin nan na ranar Juma'a yana watsuwa cikin idanun da muka fito nema wa magani.

Sai na ji ƙarar buɗe ƙofa. Inna ce. Ta tura ta a hankali, ta sauke ƙafa ɗaya ƙasa, ta juya fuskarta wajen da ta ji muryarsa. Ta gaishe shi da Sangonta na tsofaffin 'yan kasuwa, ta tambaye shi ya ruwa, kamar wanda ta tarar a rumfa. Yaron ya tsaya da hannu a sama. Ta ci gaba da Sangon ta ce, "Kada ka fasa shi. Ba namu ba ne, aro aka ba mu. Kuma ɗana ne ya sa shi jiya da hannunsa. Molenge ti mbi, ɗana. Bai taɓa gyara komai ba a duniya sai wannan, saboda idona ya yi. In bai yi daidai ba, ka yi masa haƙuri."

Ya dubi hijabinta, ya dubi carbin, ya dubi takardar da ke kusurwar gilashin, ya karanta ta da leɓe. Ya ce, "Mama, wannan fa?" Ta ce, "Na mai gilashin ne. Mu ma abin da muke roƙo ke nan."

Ya sauke hannunsa. Can sai ya ce min, "Kai, da ka cire tsohon, ka share cikin robar?" Na ce na kwashe na ƙasa. Ya yi tsaki. Sai ya ɗora addar a kan rufin motar, ya goge hannayensa a wando, ya sa tafi ɗaya ta waje ɗaya ta ciki ya matse gilashin a tsakiya. "Murza a hankali in na ce." Na murza, yana girgizawa yana dannawa. Muka ji ƙurus, ƙurus, kamar ana tauna ƙanƙara, sai gilashin ya sulale har ƙasa ya ɓace cikin ƙofa. Ya leƙa ta tsagar, ya buga ƙofar da gwiwa ya ji amon fanko. Ya ce wa sauran ba komai.

Kafin ya ɗauki addarsa ya ce in ɗaga. Na ɗaga. Ya ce in sauke. Na sauke. Sai da ya sa na yi sau biyar a gabansu, suna dariya, ni ma ina taya su ta dole. Ya ce, "Kai me kake yi a gida?" Na ce atamfa nake sayarwa. Ya ce, "Ka tsaya a kanta." Ya rufe wa Inna ƙofa da kansa.

Sai da muka yi nisa na tsayar da motar a gefen hanya. Na kifa kai a sitiyari. Inna ta ce, "Kai, za su kira suna ba mu nan." Muka isa ana kiran na gabanta. Aka yi aikin ido ɗaya ranar, ɗayan bayan kwana biyu, kuma duk zirga-zirgar nan gilashin bai sake gardama ba, ya tare ruwa, ya sauka a kowane shinge. Ranar da aka cire mata bandeji na ƙarshe, muna hanyar gida tana ta kallon gari ta tagar kamar baƙuwa, sai ta kai yatsa kan kusurwar takardar da na kankare. Ta ce, "Ashe har ka ci wannan wurin." Abin da ta fara gani da kyau a motata ke nan.

Bayan an samu zaman lafiya abokina ya dawo garejinsa. Ranar farko na kai masa motar, ya buɗe ƙofar ya zazzago tsakin gilashi cike da tafin hannu, ya zuba min a aljihun riga ya ce in ajiye shaida. Na ce ya ciri gilashinsa, ya ce kajinsa sun saba da iska. Takardar tana nan a jiki har ranar da motar ta gama nata zamanin, na ajiye ta a ƙofar masallaci ba sau ɗaya ba, kuma ba wanda ya taɓa ce min uffan.

In na tuna wannan rana, sauƙin da nake ji a ƙirjina har yau bai ragu ba. Na kwana ina tsoron abin da mutane za su gani a jikin gilashi, alhali abin da ya kusa hallaka mu yana cikin robar da na ƙi bi da tsinke. Tun daga lokacin, duk abin da mai sana'a ya maimaita min sau biyu, ina yin sa ko da ban ga dalili ba.

Amma abin da ya fi zama min shi ne maganar Inna a bakin shinge. Na bari sai da ta warke sarai, wata rana da yamma tana tsince shinkafa da idonta, na zauna kusa da ita na ce, "Inna, ranar nan fa na ji abin da kika ce wa yaron nan." Ta ce me ta ce. Na ce, "Kin ce ɗanki." Ba ta ɗago ba. Ta tsince tsakuwa biyu ta jefar, sannan ta ce, "Da Sango na faɗa." Ta tura min farantin da gefen hannu. "Kai, ajiye can."

Ta rayu shekaru bayan haka tana ganin jikokinta ɗaya bayan ɗaya, ba ta kuma sake faɗa ba, ko da Sango ko da Hausa. Ni ma ban sake nema ba. Sau ɗayan nan ya ishe ni.